Kansar ƙoda: Yadda ake gwada bairas masu kashe ƙari da matakin da binciken ya kai

Abin da yawancin mutane suka sani game da bairas shi ne ƙwayar cuta ce mai kawo mura da ƙyanda da ciwon hanta da korona. Sai dai a fagen binciken kansa akwai wani reshe da ya daɗe yana ƙoƙarin mayar da wannan ƙwayar cuta ta zama magani. Masana suna ɗaukar bairas su rage masa kaifi a ɗakin gwaji, sannan su saka shi a jikin mara lafiya domin ya shiga cikin ƙari ya ruguza shi daga ciki.

Hukumomin magunguna na Amurka da Sin da Japan sun riga sun amince da wannan hanya ga wasu nau'o'in kansa. Game da kansar ƙoda kuwa, ya zuwa yanzu aikin yana matakin gwaji, kuma babu wani bairas da aka ba lasisin sayarwa a matsayin maganinta. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga iyalan da ke jinyar mai wannan ciwo, domin ta nan ne masu neman kuɗi da rashin lafiyar mutane suke samun ƙofa.

Mece ce kansar ƙoda?

Mutum yana da ƙoda biyu a bayan ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, kowace ta kai girman dunƙulen hannu. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugowa yana bi ta cikinsu. A kowace rana suna tace ruwan jini kimanin lita 180, su mayar da mafi yawansa jiki, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ɗakunan halitta da ido ba ya gani, waɗanda ake kira sel. Kowane sel yana ɗauke da ƙwayoyin gado, wato umarnin da ke faɗa masa lokacin da zai rabu biyu da lokacin da zai tsaya. Idan wannan umarni ya lalace, sel-sel sukan yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa har su zama ƙari. A manya, kusan tara cikin goma na kansar ƙoda tana farawa ne daga sel-sel da suka shimfiɗe ƙananan bututun tace fitsari. A yara kuwa wadda aka fi gani ita ce ƙarin Wilms, wanda ya samo suna daga likitan Jamus Max Wilms, kuma maganinsa daban ne.

Ƙididdigar cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 mutum fiye da 430,000 ne aka gano suna da kansar ƙoda a duniya, fiye da 150,000 kuma suka rasu dalilinta. Ta fi kama maza, kusan ninki biyu a kan mata, kuma ta fi yawa bayan shekara 60. Abubuwan da ke ƙara haɗarinta sun haɗa da shan taba da ƙiba da hawan jini da daɗewa a kan wankin ƙoda da kuma gado. Akwai wani nau'i mai tsanani da ba kasafai ake ganinsa ba, wanda kusan duk masu kamuwa da shi matasa ne masu ɗauke da gadon sikila, irin masu jinin AS.

Lokacin da aka gano ciwon shi ne babban abin da ke yanke hukunci. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa idan ƙarin bai fita daga ƙoda ba, fiye da 90 cikin 100 na marasa lafiya suna kai shekara biyar a raye. Idan ya bazu zuwa huhu ko ƙashi ko hanta, adadin yakan faɗo ƙasa da 20 cikin 100. Domin wannan rukuni na biyu ake neman sababbin magunguna.

Magungunan da ake da su a yau

Tiyata ita ce babban magani muddin ƙarin bai bazu ba: a cire ɓangaren ƙodar da ya kamu, ko a cire ta gaba ɗaya. Mutum yana iya rayuwa lafiya lau da ƙoda ɗaya. Idan ya bazu kuwa, kansar ƙoda ta yi ƙaurin suna wajen ƙin jin maganin kemo da ke aiki a kan wasu nau'o'in kansa.

Amma tana da wasu raunuka biyu. Na farko, garkuwar jiki tana iya ganinta. An daɗe da lura cewa, can ba a rasa ba, ƙarin da ya bazu zuwa huhu yakan ragu da kansa bayan an cire ƙodar da ta kamu. A kan wannan ne Amurka ta amince a 1992 da maganin interleukin-2 mai zaburar da garkuwa, sannan a 2015 da nivolumab, wanda ke cire birkin da ƙari ke takawa sojojin jiki. James Allison da Tasuku Honjo sun samu kyautar Nobel a 2018 saboda gano wannan birki.

Rauni na biyu shi ne dogaro da jini. A mafi yawan kansar ƙoda akwai wata ƙwayar gado mai suna VHL da ta lalace, wadda aka gano a 1993. Aikinta shi ne kashe ƙararrawar da sel ke bugawa idan ya rasa iskar oksijin. Da ta lalace, ƙararrawar ba ta yin shiru, sai ƙarin ya yi ta kiran sababbin jijiyoyin jini zuwa gare shi. Magunguna irin su sorafenib na 2005 da sunitinib na 2006 suna toshe wannan kira ne. William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza sun samu Nobel a 2019 kan bayyana wannan tsari.

Waɗannan magunguna sun tsawaita rayuwar mutane da yawa. Duk da haka wasu marasa lafiya ba sa amsa su tun farko, wasu kuma ƙarin yakan saba da su bayan watanni ko shekaru. Wannan gibi ne ake fatan bairas zai taimaka wajen cikewa.

Tarihin tunanin

Likitoci sun fara ganin abin ne a gadon asibiti tun kafin su fahimci dalilinsa. A 1904 wani likita a Amurka, George Dock, ya wallafa labarin wata mata mai kansar jini wadda ciwonta ya lafa na ɗan lokaci bayan ta yi fama da wata mura mai zafi. A 1971 Avrum Bluming da John Ziegler suka ba da rahoto a mujallar Lancet kan wani yaro ɗan shekara takwas a Yuganda mai kansar Burkitt, wanda kumburinsa ya sace bayan ya kamu da ƙyanda. Shekara goma bayan haka, a 1981, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka wallafa a wannan mujalla rahoton yadda kansar Hodgkin ta ja baya bayan ƙyanda.

A shekarun 1950 an gwada saka wa masu kansa bairas kamar yadda yake a dawa, ba tare da an gyara shi ba. A birnin New York, Chester Southam ya yi amfani da bairas ɗin zazzaɓin West Nile. Ƙari ya ragu a wasu ƙalilan, amma wasu sun samu kumburin ƙwaƙwalwa. Matsalar ta fito fili: bairas mai ƙarfi yana cutar da mara lafiya, mai rauni kuma garkuwar jiki tana share shi kafin ya yi aiki. Sai aka jingine binciken na tsawon shekaru.

Ya farfaɗo ne da aka koyi gyara ƙwayoyin gado. A 1991 Robert Martuza da abokan aikinsa a Boston suka cire ƙwayar gado guda daga bairas ɗin herpes, wanda ke fitar da ƙuraje a leɓe lokacin zazzaɓi, suka nuna cewa yana kashe ƙarin ƙwaƙwalwa a jikin ɓeraye. A 2005 ƙasar Sin ta amince da H101 don kansar hanci da maƙogwaro. A watan Oktoban 2015 Amurka ta amince da T-VEC, da ake sayarwa da sunan Imlygic, don kansar fata mai suna melanoma. A 2021 Japan ta ba Delytact lasisi na wucin gadi don wata kansar ƙwaƙwalwa.

Yaƙar kansa da ƙwayar cuta mai rai ba baƙon abu ba ne a sashen mafitsara. Tun 1976 ake zuba BCG, ƙwayar rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai, a cikin mafitsarar masu kansar mafitsara domin ta tayar da garkuwar jiki. BCG bakteriya ce, amma dabarar ɗaya ce.

Yadda bairas ke kashe ƙari

Bairas ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. Dole ya shiga cikin sel ya karɓe kayan aikinsa ya buga kwafin kansa. Lafiyayyen sel yana da kariya: da ya ji shigar baƙo sai ya saki wani sinadari mai suna intaferon, ya rufe masana'antarsa, ya gargaɗi maƙwabta. Sel-sel na kansa da yawa sun zubar da wannan kariya, domin tana hana su yaɗuwa yadda suke so. Ta haka suka zama gida marar ƙofa.

Masana suna faɗaɗa wannan tazara da gangan. Sukan cire wa bairas ƙwayar gadon da yake buƙata domin ya haɗa wa kansa tubalin hayayyafa. A lafiyayyen sel da ke zaune ba ya rabuwa, tubalin ya yi ƙaranci, sai bairas ɗin ya maƙale. A sel na kansa kuwa, wanda kullum yake shirin rabuwa, tubalin yana nan jibge. Bairas ya cika sel ɗin har ya fashe, sababbin da suka fito su faɗa wa na kusa.

Fashewar ita ce rabin aikin. Ƙari yakan ɓoye kansa daga garkuwar jiki, amma idan sel-sel ɗinsa suka fashe, tarkacensu yakan watsu tare da alamun haɗari. Sojojin jiki da suka zo yaƙar bairas sai su tarar da wannan tarkace, su koyi kamannin ƙarin, su bi jini suna nemansa har a gaɓoɓin da allura ba ta kai ba. Domin ƙarfafa wannan mataki, akan dasa wa bairas ɗin ƙwayar gadon wani sinadari mai suna GM-CSF, wanda ke kiran sojojin jiki zuwa wurin.

Abubuwa biyu suka sa masu bincike suka waiwayi kansar ƙoda. Ɗaya shi ne an riga an san tana jin garkuwa, saboda haka ana sa ran bairas ya jawo sojojin jiki cikin ƙarin, maganin cire birki kuma ya sake su su yi aiki. Ɗayan shi ne yawan jijiyoyin jininta, domin wasu nau'o'in bairas suna kama sel-sel na jijiyoyin da ke ciyar da ƙari, su datse masa hanyar abinci.

Abin da aka gwada a kan kansar ƙoda

Wanda ya fi nisa a gwajin mutane shi ne Pexa-Vec, da ake kuma kira JX-594. An ƙera shi ne daga bairas ɗin vaccinia, wanda da shi aka yi lambar rigakafin agana har aka ayyana kawar da cutar daga duniya a 1980. Dattawa da yawa suna ɗauke da tabon wannan lamba a damtse. Miliyoyin mutane sun karɓi vaccinia, saboda haka likitoci sun san halinsa sarai. An cire masa ƙwayar gadon haɗa tubali, aka dasa masa ta GM-CSF.

Kamfanin SillaJen na Koriya ta Kudu ya haɗa kai da Regeneron na Amurka a wani gwaji mai lamba REN026, inda aka haɗa Pexa-Vec da cemiplimab, ɗaya daga magungunan cire birki, ga masu kansar ƙodar da ta bazu ko wadda tiyata ba za ta yiwu a kanta ba. Wasu an ba su bairas ɗin ta jijiya, wasu an yi musu allurarsa a cikin ƙarin, wasu kuma sun karɓi cemiplimab shi kaɗai. Sakamakon da aka gabatar a 2023 ya nuna ƙari ya ragu a wani ɓangare na marasa lafiyar, har da wasu da magungunan garkuwa suka riga suka gaza a kansu. Waɗanda suka amsa ba su kai rabi ba, kuma gwajin ƙarami ne, irin wanda ake yi domin duba aminci da alamun farko.

Tun a shekarun 1990 likitoci a Jamus sun gwada wata hanya dabam da bairas ɗin cutar Newcastle, wadda masu kiwon kaji suka san ɓarnarta amma ba ta yi wa mutum illa mai yawa. Sukan ɗauki sel-sel na ƙarin da aka cire wa mara lafiya, su shafa musu bairas ɗin, su kashe su, sannan su mayar masa a matsayin rigakafi. Hanyar ba ta zama magani na yau da kullum ba.

Sauran aikin yana ɗakin gwaji da jikin ɓeraye. An ƙera wani adenobairas, daga dangin masu kawo mura, wanda ba ya hayayyafa sai inda ƙararrawar rashin oksijin take bugawa, wato yanayin da lalacewar VHL ke haifarwa. An kuma gano cewa sunitinib yana raunana kariyar da sel ke yi wa kansa daga bairas, kuma haɗa su ya fi kowanne shi kaɗai tasiri a kan ɓeraye. Nasara a jikin ɓera matakin farko ce kawai, domin magungunan kansa da yawa da suka yi kyau a nan sun faɗi da aka kai su ga mutane.

Darussan da aka koya da cikas ɗin da ya rage

Tarihin wannan fage yana koyar da taka-tsantsan. A babban gwajin da ya kai T-VEC ga samun lasisi, mai marasa lafiya 436, kashi 16 cikin 100 ne ƙarinsu ya ragu ya kuma zauna haka aƙalla wata shida, idan aka kwatanta da kashi 2 a ɗaya rukunin. Da aka haɗa shi da pembrolizumab a wani babban gwaji, bai ƙara tsawon rai ba a kan pembrolizumab shi kaɗai, duk da cewa ƙananan gwaje-gwajen farko sun ba da fata. Shi ma Pexa-Vec an dakatar da babban gwajinsa a kan kansar hanta a watan Agustan 2019, bayan kwamitin sa ido ya ga babu alamar zai cim ma manufarsa.

Babban cikas shi ne isar da bairas inda ake so. Ƙarin fata ana ganinsa a soka masa allura. Ƙoda kuwa tana can ciki, sai da na'urar ɗaukar hoto za a kai allura gare ta, kuma ƙarin mai yawan jijiyoyi yana iya zubar da jini. Idan aka bi ta jijiya, hanta da saifa suna tace bairas mai yawa, garkuwar jiki kuma tana kama saura, musamman bayan allurar farko da ta koyi kamanninsa. Garkuwar da ake son ta yaƙi ƙari ita ce kuma take yaƙar maganin, kuma daidaita waɗannan biyu shi ne abin da masana ke fama da shi.

Illolin da aka fi gani su ne zazzaɓi da rawar sanyi da kasala da ciwon jiki na kwana ɗaya ko biyu. Tun da bairas mai rai ne, ba a ba mai juna biyu T-VEC, haka nan mai raunin garkuwa sosai, kuma ana rufe wurin allurar domin kada ya shafi 'yan gida. Akwai kuma batun ajiya da tsada. Ana adana T-VEC a sanyin da ya kai digiri 70 zuwa 90 ƙasa da sifiri, abin da ke buƙatar firji na musamman da wutar lantarki marar yankewa. Lokacin da ya fito, kamfanin Amgen ya ƙiyasta matsakaicin kuɗin jinyar mutum ɗaya a kan dala 65,000.

Abin da ya kamata iyalai su sani

Duk wanda aka yi wa tayin maganin bairas don kansar ƙoda, a gida ko a ƙasar waje, ya sani cewa halastacciyar hanyar samunsa ita ce ta gwajin asibiti mai rajista. Irin wannan gwaji yana da lambar da za a iya bincikawa, da amincewar kwamitin ɗa'a, da takardar yarda mai bayyana haɗarin, kuma bisa al'ada ba a sayar wa mara lafiya maganin da ake gwadawa. Misalin Rigvir ya isa ishara. An yi masa rajista a Latbiya a 2004 don kansar fata, aka yi ta tallata shi ga baƙi masu nau'o'in kansa daban-daban, suna biyan maƙudan kuɗi. A 2019 hukumomin ƙasar suka janye shi daga kasuwa bayan bincike ya nuna bairas ɗin da ke cikin kwalaben bai kai adadin da aka rubuta ba.

Haka kuma rahotannin da ke cewa kansa ta lafa bayan ƙyanda ba dalili ba ne na ƙin rigakafi ko neman kamuwa da cuta. Abubuwa ne da ba kasafai suke faruwa ba, sau da yawa ciwon yakan dawo, ƙyanda kuwa tana kashe yara, balle mai fama da kansa.

Kansar ƙoda takan daɗe ba ta nuna alama ba. A ƙasashe masu arziki ana gano yawancinta ne bisa katari, lokacin da aka ɗauki hoton ciki don wani dalili. A Najeriya da maƙwabtanta, marasa lafiya da yawa suna isa asibiti ne bayan ƙarin ya girma. Alamun da ya kamata a kula da su su ne jini a fitsari, ciwo a gefen baya da ya ƙi tafiya, kumburi a gefen ciki, rama ba dalili, ƙarancin jini, da zazzaɓin da ke dawowa bayan an sha maganin maleriya. Ba safai alamun ke haɗuwa gaba ɗaya ba, saboda haka ɗaya ma ta isa a je asibiti.

A yankunan da tsargiya ta yi yawa, mutane sukan ɗauki jini a fitsari a matsayin ƙaramin abu. Ga babban mutum, ko sau ɗaya ya gani, ko babu zafi, likitoci suna ba da shawarar gwajin fitsari da hoton ciki. Haka uwar da ta ji wani abu mai tauri a cikin ɗanta lokacin wanka, ta kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba, domin ƙarin Wilms yana warkewa a mafi yawan yara idan aka fara magani da wuri aka kuma kammala shi. Asibitocin koyarwa da manyan cibiyoyin lafiya na tarayya suna da sashen likitocin ƙoda da mafitsara da ke yin waɗannan gwaje-gwaje da tiyatar cire ƙarin.